Jan Furen da Bawana Ya Gani

Ni mutum ne mai ilimi, gara in faɗa tun da wuri don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka jahili ne ya rubuta. Na yi aji huɗu a firamare, na huɗun ma sau biyu na zauna a cikinsa, don haka in za a yi adalci aji biyar ke nan. Da wannan ilimi na shigo Riyad, da shi na yi gadin wani bene mai hawa uku a unguwar Al-Naseem shekara da shekaru, ina buɗe ƙofa ina rufewa, ina wanke motocin mutanen da ba su taɓa tambayar sunana ba.

A duk faɗin garin ɗan'uwana guda ne, taubashina. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi: ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ni ubangida, shi bawa. Tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma ya ce da ni maƙaryaci. Tsakanin taubasai babu fushi. Ko a gaban surukansa ka tsiga shi, dole ya yi dariya, in ya ɓata rai shi ne ya ji kunya. Kakanninmu ne suka kafa wannan doka. Ban sani ba ko sun yi tunanin irina lokacin da suke kafa ta.

Bawana direba ne a gidan wani likita Bahaushe da ke aiki a asibitin gwamnati. Likitan ƙashi ne, ku riƙe wannan, ido ba layinsa ba ne. A shekarun nan mata ba su fara tuƙi a ƙasar ba, saboda haka duk inda Hajiya matar Likita za ta, da duk inda 'yan matanta biyu za su, makaranta ko kasuwa ko gidan suna, bawana ne ke kai su. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun Likita take, kuma direba aka rubuta a kanta. Ranar da ya daina tuƙi, ranar zamansa ya ƙare. Gida kuwa ba shi da abin da zai koma ya tarar. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, ba su haihu ba, ɗakin da ya bari 'ya'yan wansa sun mai da shi shagon cajin waya. Ya sha gaya mini cewa shi nan yake so ƙasa ta rufe shi, ko banza ya fi kusa da Madina.

Wata ranar Juma'a ya zo wurina shan shayi a bakin ƙofar benen. Ya ɗauki buta zai zuba, sai ya zuba a gefen kofi, a kan babban yatsan ƙafata. Na yi tsalle, na ce bawa ya fara tawaye. Bai yi dariya ba. Ya ajiye butar ya ce zai ba ni amana. Ya ce idonsa ya daɗe yana tafiya, ya je wani asibitin ido a ɓoye, an gaya masa jijiyar ce ke mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Yana ganin abu kamar inuwa a cikin hayaƙi. Launi kuwa duk ya wanke, ja da kore da ruwan ƙasa sun zama 'yan uwa ɗaya.

Na tambaye shi to da me yake tuƙi. Ya ce da kai. Hanyoyinsa huɗu ne, makaranta, kasuwa, asibitin Likita, masallacin Juma'a, kuma shekara goma sha wani abu yana bin su. Ya san yawan tudun rage gudu da ke kowace hanya, ya san inda kwalta ke sauya murya a ƙarƙashin taya. Danja kuwa ba ta ba shi wahala: in na gefe ya tsaya ya tsaya, in na baya ya danna hon ya san ta ba da hannu, kuma a Riyad na baya ba ya taɓa makara. Na yi dariya har da ƙwalla. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in rantse. Na rantse. Ina da kyau wajen rantsuwa, kowa ya shaida.

Larabawan nan suna cewa in tauraron Suhailu ya fito, ƙashin bayan zafi ya karye. Ba ya karyewa nan take, yakan yi ta shure-shure kamar kazar da aka yanka, amma wajen lokacin da a gida ake yankan gero, mutum zai iya fita bayan la'asar bai narke ba. A lokacin ne ake fara dasa furanni a lambunan gari. Hajiya ta ji labarin wani lambun itatuwa a wajen gari daga bakin maƙwabtanta, wai an tara itatuwan duniya a wuri guda, kowanne da allonsa, ga furannin kaka sun fara buɗewa. Ta ce sai an je. Likita ya ce Juma'a mai zuwa.

Ranar Laraba bawana ya zo wurina. Hanyar lambun ba ta cikin huɗun nan. Ya ce ya roƙi Hajiya a tafi da ni, wai ɗan'uwansa ne tsoho, kaɗaici ya ishe shi, ta ce ayya, a zo da shi. Ni zan zauna a gaba in zama idonsa. Amma kada in yi maganar da za a gane.

Ban ƙi ba, don ni ma ina da tawa buƙatar. Irin waɗannan wurare a lokacin na iyali ne, gwauro ko tsoho ne a bakin ƙofa ake tsayar da shi kamar akuya. Shekarata nawa a garin ban taɓa shiga ko ɗaya ba.

Yadda muka yi tafiyar nan, da akwai mai ba da lambar yabo da ya ba ni. Duk da wasa na tuƙa motar, bakina ne sitiyari. In ce, bawa, ba ka ga an tsayar da bayi ba, ko sai na sa bulala? Sai ya taka birki. In ce, bi dama, hannun da kake sata da shi. Sai ya karya dama. In ce, wannan babbar motar ta fi ka asali, ba ta hanya ta wuce. Likita yana baya yana dariya, Hajiya tana cewa kai, Malam, ka bar Baba ya huta. Ni take kira Malam, shi Baba. 'Yan matan ba sa jin rabin abin da muke faɗa, Larabci ya cinye musu Hausa, suna ta danna waya. Muka isa lafiya, ya ajiye motar tsaf tsakanin layi biyu. Da muka fito ya matse hannuna.

Mai tsaron ƙofa ya dube mu ya tambayi Likita su wa ye waɗannan tsofaffi. Likita ya ce iyayensa ne. Na shiga da ƙafar dama, a matsayin uban likita.

To, lambu dai lambu ne. Hanyoyi na dutse, ciyawa kore kamar an shafa mata mai, siraran robobin ban-ruwa baƙaƙe suna bin gindin kowace bishiya. Furannin da aka riga aka dasa suna jere a fage-fage, wasu ruwan ɗorawa masu kai kamar tuntun hula, wasu ruwan hoda, wasu shuɗi mai duhu. Wasu fagagen kuma ba a kai gare su ba tukuna, an dai kafce an zuba taki, ma'aikata 'yan Bangaladash suna sauke tiren dashe daga mota a can gefe. Hajiya tana ta ɗaukar hoto. Bawana yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ni, in na rage ya rage, in na kauce ya kauce, duk wanda ya gan mu zai ce zumunci.

Sai muka shiga wajen itatuwa, kowace da ɗan allo a gabanta, Larabci a sama, rubutun boko a ƙasa. Nan ne na ga ranar ilimina ta zo. Na gyara hula, na tsaya gaban wata bishiya, na sunkuya kan allon. Kalmomin dogaye ne, irin waɗanda ba a kai gare su a aji biyar. Amma mai ilimi ba ya tsayawa don kalma ta yi tsawo. Na bayyana wa jama'a cewa wannan bishiya daga Ostareliya aka kawo ta a jirgi, ba ta fure sai shekara bakwai-bakwai, kuma Turawa na yin maganin mantuwa da ita.

Bawana ya miƙa hannu ya laluba reshe, ƙaya ta soke shi, ya tsinko ɗan kwanso ya murza ya kai hanci.

"Bagaruwa ce," ya ce. "Da ita ake jeme fata a bayan gidanku. Warin ma har yau bai bar jikinka ba."

Likita ya duba allon, ya ce wallahi Baba ya yi gaskiya. Hajiya ta rufe baki da mayafi.

Na matsa gaba. Ta biyun na ce daga Indiya take. Ya taɓa ganye ya ce tumfafiya ce, wadda ko jaki ba ya ci, ga ta an yi mata allo kamar hakimi. Ta ukun ban ma buɗe baki ba ya ɗaga kai ya shaƙi iska ya ce akwai kurna a kusa, kuma tana fure, ku ji ƙudan zuma. Muka zagaya kwana, sai ga ta, ƙatuwa, ta cika da 'yan furanni ƙanana masu ƙamshi mai nauyi, zuma na ta kuka a cikinta. Ya gane aduwa, ya gane lalle tun daga nesa, ya gaya wa 'yan matan da gurgun Larabcinsa yadda ake yin garin kurna da yadda kakarsu za ta daka lalle. Suka ajiye waya. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Mutumin da ya shigo yana bin kafaɗata ya zama shi ne mai lambun.

Hajiya ta ce ashe Baba ne malamin, Malam kuwa allo kawai ya riƙe. Bawana ya ce ai aji biyar ɗin da nake faɗa, uku ta taga na yi su, ina leƙe. Suka yi dariya dukkansu, har yaran da ba su ji ba. Ni ma na yi, doka ce.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, kuma ina so a lura da cewa cikin doka na yi shi. Wasa aka yi mini, wasa na rama.

Mun fito daga wajen itatuwa muka biyo ta gaban wani fage babba da ba a dasa komai a cikinsa ba. Jar ƙasa ce da taki, sai robobin ban-ruwa a kwance. Likita da Hajiya suna bayanmu da taku uku. Na tsaya, na riƙe hannun bawana, na ɗaga murya yadda za a ji.

"Kai, bawa, tsaya ka ga ikon Allah. Duk lambun nan babu kamar waɗannan. Ka taɓa ganin ja irin wannan?"

Ya tsaya. Ya juya fuskarsa inda na juya tawa. Tun safe duk abin da na faɗa masa da sunan wasa gaskiya ne, birki ne, dama ce, babbar mota ce. Ba shi da dalilin shakka.

"Ma sha Allah," ya ce. "Ja wur, kamar barkono a shanya. Hajiya, ki ɗauki waɗannan, sun fi na bakin ƙofa."

Har ya ɗan sunkuya, wai zai shaƙi ƙamshi.

Na jira dariya. Na buɗe baki ma don in fara, kowa ya bi. Ba wanda ya bi. Hajiya ta sauke wayarta a hankali. Ta dubi ƙasar, ta dubi bawana, ta dubi 'ya'yanta, ta sake duban ƙasar. Ƙaramar ta ce da Larabci, ina furen, Baba? Yayarta ta ja hannunta.

Likita ya zagayo ya tsaya a gabansa. Bai ɗaga murya ba, mutum ne mai ladabi. Ya tambaye shi wane launi ne ɗankwalin da ke kan ƙaramar.

Bawana ya gane. Bai dubi yarinyar ba, ni ya juyo ya duba, da idon nan da ba ya gani. Abu kaɗan yake nema. Da na ce, bawa, ko ganyen da kake ci ka manta launinsa, da ya ce kore, da ya ce wasa muke yi, ya san babu fure, ya biye mini ne, da an yi dariya an wuce. Kalmomin suna bakina, na riga na jera su. Sai na tuna tagar nan da ya ce ina leƙe. Na ɗaga kai ina kallon wata tsuntsuwa.

Bawana ya ce, "Ja ne."

Likita ya miƙa hannu ya ce, "Baba, kawo makullin."

Ya laluba aljihu ya ba shi. Sannan ya yi abin da al'ada ta ce. Ya yi dariya. Ba ta fito da kyau ba, kamar tari ta fito, amma dariya ce, babu alƙalin da zai ce ba ita ba ce. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ci wannan, ɗan kawu."

Bai taɓa ce mini ɗan kawu ba. Maƙaryaci yake cewa.

Ba mu ƙarasa zagayen ba. Likita ya tambaye ni ko na iya mota, na ce tun kafin a haife shi. Shi ba ya son tuƙi da yamma, sai ya ba ni makullin. Bawana ya zauna inda na zauna da zuwa. Da muka shigo hanyar da ya sani, sai ya fara faɗa a hankali, kamar mai jan carbi: akwai tudu, rage. Sai ga tudun. Akwai rami a dama, kauce. Sai ga ramin. Saura tudu biyu a kai gida. Biyu ne. Ban sani ba ko ni yake taimaka wa, ko Likita yake nuna wa cewa har yanzu da amfaninsa. Hajiya ta rungume 'ya'yanta a baya har muka tsaya.

Likita bai yi masa wulaƙanci ba, kada a ce na ce. Ya kai shi wurin abokan aikinsa na ido, suka faɗi abin da na farko ya faɗa. Ya nemi ko za a sauya masa aiki a takarda, abin bai yiwu ba, kuma wa zai riƙe makaho a matsayin me? Aka buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa.

Hajiya ta kira ni gefe ta yi mini godiya. Ta ce Allah ne ya sa ni na yi dabarar nan, na ceci ran 'ya'yanta, da yanzu wa ya san abin da zai faru a hanyar makaranta. Na karɓi godiyar, don mayar da kyauta rashin tarbiyya ne. Kuma maganarta gaskiya ce, duk wanda ya auna zai ga gaskiya ce, na sha aunawa. Abin da kawai ban gaya mata ba shi ne, a gaban fagen nan ko sau ɗaya 'ya'yanta ba su zo mini a rai ba.

Gida yana buƙatar direba, ni kuma gwiwoyina sun gaji da hawa bene. Aka mayar da iƙamata hannun Likita. Ɗakin bawana da ke jikin gareji aka ba ni. Akwai ƙusa a bango inda yake rataye makulli, ita nake amfani da ita.

Ni na kai shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, a motar da ya tuƙa shekara goma sha wani abu. Jaka ɗaya ce da shi, da galan na zamzam. A hanya na yi ta ƙoƙarin tsokanarsa, na ce bawa zai koma gida ba tare da an 'yanta shi ba, na ce ya gaida masu cajin waya. Yana amsawa da to, to. A bakin ƙofar shiga, inda ba a barin mai rakiya, wani ma'aikaci ya zo zai riƙe masa hannu. Ya juyo ya ce yana da saƙo ɗaya.

"In sun dasa wurin nan, ka je ka gani. Ka gaya mini launin da suka sa."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Sai da sanyi ya shigo sosai Hajiya ta sake cewa a kai su lambun. Na bar su wajen kurna, na nemi fagen. An dasa shi, ya cika maƙil har ba a ganin robobin. Farare ne. Fari fat, daga wannan gefe zuwa wancan, ko ɗigon ja babu.

Na kira lambar ɗan wansa, aka kai masa wayar. Ina jin hayaniyar janareto da yara a bayansa. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da godiya, yanzu ko inuwar ma ta tafi. Na ce ina tsaye a gaban fagen nan.

Ya ce, "To?"

Na dubi fararen furannin nan. Na ce, "Ja ne. Ja wur, kamar barkono a shanya. Kai ka riga kowa gani."

Na jira ya ce maƙaryaci. Kalma ɗaya ce, shekara sittin yana jifana da ita, kuma wannan karon na cancance ta fiye da kullum. Na ma matsa wayar a kunne don kada ta wuce ni.

Ya ce, "Ma sha Allah. Na gode, ɗan kawu."

Sai ya miƙa wa yaron wayarsa.